Muƙamuƙin Birki

Shekara ashirin da shida Malama ta yi tana zaune da mutumin da bai taɓa yin kuskure ba, irin sa'ar da ba kowace mace ke samu ba. Mijin nata mai koyar da tuƙi ne. Yana da 'yar makaranta a ƙasan wani bene, ɗaki ɗaya mai benci biyu da allon alamomin hanya wanda rana ta koɗar, sai farar mota guda mai birki biyu, ɗaya a ƙafar ɗalibi ɗaya a tasa. Kalma ɗaya ya fi furtawa a duniya, da ita kuma ɗalibansa suka laƙaba masa suna: Birki. Sunan ya bi shi har gida, har mahaifiyarsa ma kafin ta rasu da shi take kiransa in ya ɓata mata rai.

Ita Malama a ɗakin karatu na wata kwaleji take aiki. Daga takwas na safe zuwa huɗu, aikinta jera littattafai da ɗora yatsa a leɓe in wani ya ɗaga murya. Daga huɗu zuwa abin da ya sawwaƙa kuwa, aikinta sauraron yadda ya kamata a jera littattafai, daga bakin mutumin da littafin ƙarshe da ya karanta shi ne na dokokin hanya. 'Ya'yansu biyu sun girma sun kama gabansu, suka bar ta ita kaɗai a aji.

Haƙorin da ya tayar da wannan ƙura na ƙasa ne, can ciki ta hagu. Wata takwas yana aiko da saƙo. Da farko ruwan sanyi ne ba ya so, daga baya shayi mai zafi, daga baya ko iska ta shiga sai Birki ya runtse ido. Sai ya mayar da tauna ɓangaren dama, ya cusa kanumfari a ramin, ya ce an gama.

"Baban yara, ka je a duba haƙorin nan mana," in ji Malama.

"Haƙori kamar inji yake," ya ce, hannunsa a kunci. "Wanda ya san sautin motarsa ba ya kai ta wa makanike don ta ɗan yi tari."

"To, Allah ya ba injin lafiya."

Ba wannan ne karon farko ba. Shekara uku da suka wuce an auna shi a asibiti aka ce yana da ciwon sukari, ya dawo gida ya bayyana mata cewa na'urar ce ta lalace. Ƙwayoyin da aka ba shi suna saman firij, yana shan su ranar da ya ga dama, kamar mai yi wa likita alfarma.

Ranar Litinin kuncin ya tashi. Ranar Talata ya zama kamar ya ɓoye ƙwai a baki. Ya soke darussan ranar, ya ce mota na buƙatar hutu, sannan ya kira ƙanensa.

Ƙanen nan yana da shagon magani a bayan tashar mota, kowa Mai Kemis yake ce masa. Ya yi wata shida yana share wani babban kantin magani tun yana saurayi, daga nan ya fito da farar riga da ilimin da ba ya ƙarewa. Ya iso da rana a kan babur, ya tsaya a tsakiyar falo ya karkata kai yana nazarin fuskar wansa.

"Yaya, wannan ai ƙaramin abu ne. Kumburi ne kawai."

"Ka ga ƙwararru," in ji Malama daga ƙofar kicin. "Mu da muke zaton ƙiba ce."

"Anti, ke dai ki tsaya a littattafanki." Ya zaro wata 'yar ambulan ba rubutu ba komai, ya zazzago ƙananan fararen ƙwayoyi a tafin hannunsa. "Biyu da safe, biyu da yamma. Kwana biyu in bai sauka ba ka canza mini suna."

"Mene ne sunan maganin?" ta tambaya.

"Ko na faɗa miki ba za ki iya maimaitawa ba."

"Gwada ni. Ina da ƙamus."

Bai gwada ta ba. Ya sha ruwa, ya hau babur ya tafi.

Abin haushin shi ne maganin ya yi aiki. Ranar Laraba kumburin ya saki, ranar Alhamis fuskar ta kusa komawa daidai, zafin ya kwanta, cin abinci ya dawo har da ƙari. Birki ya tsaya gaban madubi yana juya fuska dama da hagu, ya kira ta ta zo ta shaida.

"Da na bi ta taki, da yanzu an cire mini haƙori mai lafiya. Mutane ba su da haƙuri, shi ya sa hatsari ya yi yawa a hanya."

Ya fita aiki. Malama ta ji muryarsa tun daga kwanar layi yana yi wa wata baiwar Allah ihu a kan sigina. Ta ce a ranta, to, wataƙila wannan karon ma ita ce ba ta da gaskiya, ai ta saba. Abu ɗaya dai ta lura da shi: yana ta shan ruwa kamar raƙumi, yana ta zaryar banɗaki. Da ta yi magana ya ce jiki ne ke wanke kansa.

Ranar Asabar da safe ta fito daga wanka ta same shi zaune a bakin gado, ya sunkuya gaba, tawul a ƙarƙashin haɓarsa yana tare miyau. Da ya ɗago ta ja da baya. Kumburin ya bar kunci ya gangaro ƙarƙashin muƙamuƙi, ya tsallaka har ɗaya ɓangaren, wuyan da haɓar sun haɗe sun zama abu ɗaya. Ta taɓa wurin, ta ji shi da tauri kamar katako, ga zafi kamar murfin tukunya.

"Buɗe baki in gani."

Ya yi ƙoƙari. Haƙoran sama da na ƙasa suka rabu da ƙyar, tazarar da ko cokali ba zai shiga ba. Ya ce wani abu, muryar ta fito kamar ta mai magana cikin bokiti. Ta miƙa masa ruwa, ya kurɓa, ruwan ya dawo ta gefen baki.

Sau nawa ta roƙi Allah ya ba ta yini ɗaya na shiru a gidan nan? Ga shi an ba ta, amma ba irin wannan ta roƙa ba.

Ta kira Mai Kemis. Ya saurare ta har ƙarshe, ya yi gyaran murya irin ta manya.

"Anti, ciwon ne ke fitowa. Ki ƙara masa ya koma uku-uku."

"Da me zai haɗiye su, da kunne?"

Ta kashe wayar. Ta ce wa Birki za ta kira tasi. Ya girgiza hannu da ƙarfi, ya jawo ɗan littafin da yake rubuta kurakuran ɗalibai a ciki, ya rubuta da manyan baƙaƙe: RABIN DIREBOBIN GARIN NAN ƊALIBAINA NE. Wato a mutu da daraja ya fi a gan shi da wannan fuska. Malama ta karanta, ta gyaɗa kai, ta je ta zare makullin farar motar daga ƙusar da ke bayan ƙofa.

Ya sake rubutu: WA ZAI TUƘA?

Ta buɗe jakarta, ta zuge wani ƙaramin aljihu, ta zaro lasin tuƙinta ta ajiye masa a cinya. Shekara goma da suka wuce ya taɓa ba ta darasi ɗaya, wanda ya ƙare kafin su kai ƙarshen layinsu, ta fito daga motar ta dawo gida da ƙafa tana hawaye, shi kuma ya sanar da dangi cewa akwai mutanen da ba a halicce su don sitiyari ba. Bayan shekara ɗaya ta yi rajista a makarantar da ke tsallaken gada, wadda Birki ke kira makarantar aika mutane lahira. Tun daga lokacin, duk ranar da aka fita kai littattafai, ita ke jan motar kwaleji.

Ya dubi lasin, ya dubi hatimin makarantar a takardar da ke naɗe da shi, ya dube ta. Ba ta taɓa ganin ido ya yi dogon jawabi haka ba.

"Ka ajiye faɗan sai bakin ya buɗe," ta ce. "Tashi."

Kuskurenta ɗaya, ta bar shi ya zauna a mazauninsa na gaba. Baki ya kulle, amma ƙafa lafiyarta lau. Ba su fita ƙofar gida ba ya taka birki, mota ta yi tsalle ta mutu. Ya nuna mata madubin gefe. Ta gyara madubin, ta sake tayarwa. A mahaɗar farko ya sake takawa saboda wani mai keke da ke can nesa, wanda ko da gudu ya taho sai ya yi minti guda kafin ya iso. A shataletale ya taka na uku, motar ta mutu a tsakiyar hanya, ga allon ƊALIBI a samanta. Masu motoci suka yi mata ca da hon. Wani mai babbar mota ya leƙo ya ce, "Malam, ka koya mata a fili mana!" Da ya ga fuskar malamin sai ya mayar da kansa ciki.

Malama ta juyo za ta sauke masa abin da ta tara na shekara ashirin da shida, sai ta ji numfashinsa. Wani siririn sauti ne ke fita duk lokacin da ya ja iska, kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Gumi ya jiƙa masa riga. Hannunsa ɗaya na riƙe da wuyansa.

Ta sassauta murya. "Baban yara, don girman Allah ka ɗauke ƙafarka. Ba jarrabawa muke ba. Ka bar ni in kai ka."

Ya dube ta na ɗan lokaci. Sannan ya janye ƙafar a hankali, ya cusa ta ƙarƙashin kujera, ya ɗora ɗayar a kanta kamar mai tsare ɓarawo. Ta tayar da mota. Ranar ne mutanen unguwar suka ga motar ɗalibai tana wuce motocin haya.

A sashen gaggawa mutane sun cika benci har ƙasa. Malama na neman inda ake karɓar kati, wata nas mai jiki ta ɗago kai ta ga Birki, ta ajiye biron hannunta ta turo keken marasa lafiya da kanta. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koyar da bin layi, aka wuce da shi gaban kowa, bai kuma rubuta ƙorafi ba.

Likitar da aka kira daga sashen tiyatar fuska da muƙamuƙi 'yar gajeriya ce mai tabarau, a fuska kamar sa'ar babbar 'yarsu. Ba ta ɓata lokaci a gaisuwa ba. Ta gwada sa yatsa tsakanin haƙoransa, ta haska fitila, ta danna ƙarƙashin haɓa, ta saurari wuyansa. Ta hana a kwantar da shi, ta ce ya zauna a miƙe. Nas ta soke masa yatsa ta ɗiga jini a na'urar sukari, ta dubi lambar, ta sake soke wani yatsan.

"Ita ma wannan ta lalace ko?" in ji Malama.

"Lafiyarta ƙalau, Mama. Yana da ciwon sukari?"

"Likitoci sun ce yana da shi. Shi bai amince ba tukuna."

Likita ta tambayi abin da ya sha a kwanakin nan. Malama ta zaro ambulan ɗin Mai Kemis, don ta saka ta a jaka kafin su fito. Likita ta zazzago ƙwaya ɗaya, ta juya ta a ƙarƙashin fitila ta karanta haruffan da ke jikinta, ta yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya gaji da ganin abu ɗaya.

"Sitiroyid ne. Shi kaɗai aka ba shi? Ba maganin kashe ƙwayoyin cuta?"

"Shi kaɗai. Har an ce mu ƙara."

Likita ta jawo kujera ta zauna daidai fuskar Birki. "Baba, ka saurare ni, don lokaci ba ya wajenmu. Haƙorinka ya ruɓe, mugunya ta taru a ƙarƙashinsa, ta bi ta cikin nama ta sauko ƙasan harshe da wuya. Kumburin yana matse hanyar numfashinka. Za mu sa maka maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya yanzu. Za mu shiga tiyata mu tsaga mu fitar da mugunyar, mu cire haƙorin. Za mu sauko da sukarin da insulin. Sannan za mu yi maka allurar sitiroyid don kumburin ya…"

Birki ya ɗaga hannu kamar ɗan sandan hanya. Ya laluɓo littafinsa ya rubuta: A'A. Ya ja layi biyu a ƙasa. Ya ƙara: SHI YA KAWO NI NAN.

Malama ta karanta ta kusa yin guɗa. Wata takwas na kanumfari ba su kawo shi ba, ƙwayoyin saman firij ba su kawo shi ba, ƙanensa mai digirin shara bai kawo shi ba. An samu mai laifi, kuma Allah ya sa mai laifin ba shi da bakin kare kansa.

"Likita, ba shi ne wanda 'yan ɗaga ƙarfe ke sha su kumbura ba?" ta tambaya, don ita ma abin ya ɗaure mata kai. "Ga mutum a kumbure, a ƙara masa?"

"Wancan daban, suna ne ya haɗa su. Wannan aikinsa kwantar da kumburi. Amma ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya, yana ma rage wa jiki ƙarfin faɗa da ita, yana kuma ɗaga sukari. Da Baba ya sha shi shi kaɗai, kumburin ya kwanta, zafin ya tafi, ciwon kuma ya samu fili ya yi ta tafiya ba mai ganinsa."

Malama ta juya wajen mijinta. "Ka gane? Fitilar mai ta kama a gaban direba, ƙanenka ya zo ya cire ƙwan fitilar, kai kuma ka ci gaba da taka totur kana yabon makanike."

Idanun Birki suka ƙanƙance. An yi masa misali da harshensa, a gaban baƙi, kuma ba damar gyara.

"Kusan haka ne," in ji Likita. "Bambancin yau shi ne ba shi kaɗai zai tafi ba. Magani na kashe cutar, wuƙa na fitar da mugunya, shi ɗan rakiya ne, ya sassauta wuyan don iska ta wuce, bakin ma ya samu ya buɗe da wuri. Ba kowa muke ba wa ba, mai sukari kuma sai mun yi tunani sau biyu. Na yi tunanin. Allura kaɗan ce, yau da gobe, muna auna sukarin a kai a kai. In ka ce a'a ba zan yi maka dole ba, amma ni wuyan nan naka ba na son yadda yake."

Birki ya daɗe yana kallon takardar amincewa da nas ta miƙo. Sautin numfashinsa ya cika ɗan ɗakin. Ya rubuta a littafinsa: SHEKARA NAWA KINA WANNAN AIKIN?

"Tara."

Ya sake duban takardar. Sannan ya sa hannu.

Wurin jira na tiyata dogon baranda ne mai kujerun ƙarfe a haɗe da juna, da agogon bango da ya tsaya. Malama ta zauna da takalmansa a leda da agogonsa a tafin hannu. Ta kira yaran ta gaya musu, ta ce kada su taso tukuna. Daga nan ba ta da abin yi. Ta ga ashe ba ta san yadda ake zama a wuri ba tare da wani yana gaya mata yadda ake zama ba. Ta yi addu'a, ta rasa inda ta tsaya, ta sake farawa. Wata tsohuwa da ke jiran jikarta ta miƙo mata ruwa ba tare da ta tambaye ta komai ba, ta karɓa ta sha.

Wajen azahar Mai Kemis ya iso da ledar lemo da ayaba, kyautar da ta dace da mai sukari wanda bakinsa ba ya buɗewa. Ya zauna nesa da ita da kujera ɗaya.

"Anti, ai da kun kira ni."

"Na kira ka. Ka ce uku-uku."

"Maganin nan fa mai kyau ne. Yanzu nas ta gaya mini su ma shi suka yi masa. Kin gani? Abin da na ba shi, shi asibiti ya ba shi."

"Haka ne. Mahauci ma wuƙa yake riƙewa, likita ma wuƙa. Gobe sai mu kai maka tiyata."

Ya buɗe baki zai amsa, ƙofa ta buɗe, Likita ta fito tana cire hula. Ta ce an gama lafiya, an cire haƙorin, an fitar da mugunyar da ta kusa cika ƙaramin kofi, an bar 'yar roba a wuyan don sauran ta tsiyaye. Za su sa masa ido sosai zuwa gobe saboda numfashi. Malama ta yi hamdala, ta koma ta zauna.

"Wannan ne ƙanen?" Likita ta tambaya.

Mai Kemis ya miƙe ya gyara farar rigarsa. "Ni ne. Kusan abokin aiki."

"Mutum nawa ka ba irin ƙwayar nan a wannan makon don ciwon haƙori?"

Ya dubi silin kamar amsar na can.

"Ka neme su ka ce su je a duba su. Yau, ba gobe ba. Da yayanka ya ƙara yini ɗaya a gida, da ba ni kake gaisawa da ita ba yanzu."

Ta wuce. Mai Kemis ya ɗan tsaya, ya ajiye ledar a kujera, ya ce zai je ya ɗan duba shago. Malama ta ga yana fita yana latsa waya da hannu biyu.

Kwana biyar Birki ya yi a ɗakin maza mai gado takwas, nasa na kusa da taga. Kwana biyun farko aka yi masa allurar da ya ƙi, aka daina kamar yadda aka ce. Sukarin ya yi sama kamar yadda aka ce, aka bi shi da insulin, ana soke masa yatsa har ya ƙare yatsun hannu ɗaya aka koma ɗayan. Da safiyar Litinin haɓarsa ta fara bayyana daga cikin wuya, kamar dutse in ruwa ya janye. Likita kan zo kullum ta auna bakin da yatsunta: ɗaya, ɗaya da rabi. Ta kawo 'yan katakan danna harshe, ta ce ya riƙa jera su tsakanin haƙora yana ƙara ɗaya kullum. Malama ta ɗauki hutu a wurin aiki, ta zauna gefen gadon tana ba shi romo da ƙaramin cokali. Tsakanin cokali da cokali ta karance wani littafi da ta yi shekara biyu tana fara shi. Sauran marasa lafiyar suka yi ta yaba mata miji.

"Kin yi dace, Mama," in ji mai karayar ƙafa da ke gadon gefe. "Mutum mai sanyin hali, ko tari ba ya yi."

"Wallahi kuwa," ta ce. "Kowa haka yake faɗa."

Ranar Talata da hantsi tana gyara masa matashi ya kama hannunta. Ya riƙe ya daɗe, yana shafa bayan hannun da babban yatsa, abin da rabon da ya yi tun yaran suna ƙanana. Ya cire katakan daga bakinsa. Malama ta sunkuyo, zuciyarta na bugawa kamar ta budurwa.

"A shataletale," ya ce, kowace kalma da ƙyar, "giya ta biyu ake shiga."

Ta dube shi. "Sannu da dawowa, Baban yara."

"Amma," ya ce, ya huta, ya haɗiyi miyau, "fakin ɗinki ba laifi."

A shekara ashirin da shida wannan ne yabo mafi girma da ta ji ya yi wa mai rai. Ta juya ta yi kamar tana neman wani abu a jaka har idonta ya bushe. Mai karayar ƙafa kuwa, kafin yamma ya san dokar wuce babbar mota a kwana, da dalilin da ya sa karayar tasa laifinsa ce, ya roƙi nas ta mayar da shi kusa da ƙofa.

Ranar sallama Likita ta zo da takardu. Ta lissafa masa: maganin kashe ƙwayoyin cuta sai ya ƙare duka ko ya ji sauƙi, asibitin masu sukari ranar Litinin, wankin ciwon bayan kwana biyu, kada kuma ya sake haɗiyar ƙwayar da ba a rubuta sunanta ba. Birki ya gyaɗa kai, ya ce dama duk abin da yake shirin yi ke nan.

Malama na tsaye tana cin ayabar Mai Kemis ta ƙarshe, don kada ta lalace a banza. Likita ta gama rubutu, ta ɗago, ta tsaya tana kallonta ta saman tabarau.

"Mama, kwana biyar ina lura da ke. Me ya sa ɓangare ɗaya kike tauna?"

"Ni? Sabo ne kawai."

"Buɗe in gani."

"Likita, ai ba ni ce marar lafiyar ba."

"Buɗe."

Ta buɗe. Fitila ta shiga, ɗan katako ya taɓa wani wuri can sama ta dama, Malama ta yi tsalle har ɓawon ayabar ya faɗi.

"Tun yaushe?"

"Bai daɗe ba."

"Mama."

"Wata huɗu," ta ce a hankali. "Ko biyar. Ba kullum yake yi ba, sai in na sha sanyi."

Daga kan gado wani sauti ya fito, wanda da farko ta zaci numfashin ne ya sake tsukewa. Dariya ce, tana fita ta tazarar yatsa biyu, mai ita na riƙe da bandejin wuyansa saboda zafi amma ya ƙi dainawa. Likita ta yage 'yar takarda ta rubuta mata ranar Alhamis, ƙarfe tara, sashen haƙori, hawa na biyu.

Malama ta ninke takardar ta saka a jaka, ta ɗauki ledar kayansu.

"Ka gama dariyar ka sa takalmi," ta ce. "Kuma baya za ka zauna."